Ina Ruwan Lagireto Yake Tafiya?

Da sassafe direban tsohuwar a-kori-kura mai shan man dizal a Tsibiri yakan buɗe lagireto, ya tarar ruwa ya ragu. In ya leƙa ƙarƙashin motar, sai ya ga ƙasa a bushe. Sai ya cika da ruwan rafi, ya ɗora buhunan shinkafa, ya kama hanyar kasuwar Talata Mafara. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani ya bunƙasa a yankin Mafara, Bakura da Maradun, kuma irin waɗannan motoci suna cikin masu kwashe amfanin gona. Mutuwar inji a tsakiyar daji asara ce ta dukiya, wani lokaci har da haɗarin rai. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Haka kuma ba ya ɓacewa banza.

Yadda jini yake zagaya jiki yana kwaso zafi zuwa fata, haka ruwa yake zagaya inji. Famfo shi ne zuciya, tiyo su ne jijiyoyi, lagireto kuwa shi ne fatar da take sallamar zafi ga iska. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da aka ƙona ta nan yake fita. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfin lagireto yana riƙe matsi, wanda yake ɗaga wannan mataki zuwa wajen digiri 120. Wannan matsi ne yake tura ruwa ta ƙaramar ɓaraka in inji ya yi zafi. Digon yakan faɗa kan ƙarfe mai zafi ya zama tururi nan take, shi ya sa ba a ganin komai a ƙasa.

Hanyoyi uku ruwan yake bi. Ta farko ita ce waje: tsagaggen tiyo, lalataccen murfi, ko famfon da robarsa ta cinye. Alamarsa farin busasshen tabo ne ko zanen tsatsa. Ta biyu ita ce cikin baƙin mai, wanda launinsa yakan koma kamar shayi da madara. Ta uku, wadda ta fi ɓuya, ita ce cikin silinda. Tsohon injin dizal yana matse iska ninki 20 ko fiye, kusan biyun na fetur, don haka gasket da kan inji suna shan wahala. In suka tsage, ruwa yakan shiga ya fita ta salansa a matsayin farin hayaƙin da ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama, iskar ƙuna kuma ta riƙa tayar da kumfa a lagireto.

Ƙwararren bakanike yana aiki ne kamar likita: bincike kafin magani. Da inji a sanyaye, yakan ɗaura famfon hannu a bakin lagireto, ya cusa iska daidai adadin da aka rubuta a murfi. In allurar ma'auni ta sauka, akwai ɓaraka. Domin gano wurinta, akan zuba rini mai ƙyalli, dangin fuloresin da likitan ido yake ɗigawa don ganin ƙarzuwa a ido, sannan a haska fitila ta musamman cikin duhu. Gwajin gasket kuwa ɗalibin nazarin halittu ya san shi. Ruwan buromotaimol shuɗi ne, amma in aka hura masa numfashi sai ya koma kore ko rawaya saboda iskar kabon dayoksaid. In aka zuƙo iskar bakin lagireto ta cikinsa ya sauya launi, to hayaƙin inji yana ratsawa cikin ruwa.

Akwai gargaɗi uku. Kada a buɗe murfi inji yana da zafi, domin ruwan zai yi tsiri ya ƙona fuska. Ruwan rafi da na rijiya suna barin laka da gishiri masu toshe lagireto, suna kuma kawo tsatsa. Ruwan sanyaya inji na galan ya fi. Sai dai galibinsa yana ɗauke da etilin gilaikol, mai zaƙi amma guba. Hanta tana mayar da shi sinadarin da yake daskarewa a ƙoda ya lalata ta, don haka a nisanta shi daga yara da dabbobi.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, ƙaramin yoyo yana iya cinye inji a tafiya guda. Direban da yake ƙara ruwa kullum ba gyara yake yi ba, jinkirta ranar tsayawa kawai yake yi. Kuɗin tiyo ɗaya ba ya kusa da na sabon kan inji.