Asali da Kishin Ƙasa a Kwarin Rima

Idan aka tambayi mutumin Ambursa, garin da ke daf da Birnin Kebbi, ko shi wane ne, amsarsa hawa-hawa ce. Ɗan gidan wane ne, Bakabe ne ko Bafulatani ko Bazabarme, talakan Sarkin Gwandu ne, ɗan Jihar Kebbi ne da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, sannan ɗan Najeriya ne. Ɗan ƙasa nagari shi ne wanda ya riƙe waɗannan duka ba tare da ɗaya ta ture ɗaya ba.

Tarihin yankin ya tabbatar da cewa hakan mai yiwuwa ne. Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16. Bayan jihadi, Gwandu ta zama mazaunin Abdullahi ɗan Fodiyo, sarautar Kabi kuma ta koma Argungu, aka kwashe shekaru masu yawa ana gwabza yaƙi. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa gagarumin su domin ƙarfafa sulhu. Daga nan bikin kamun kifi ya bunƙasa, har UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya a 2016. Babu ɓangaren da ya yar da asalinsa, gaba kawai aka ajiye.

Sashe na 24 na tsarin mulkin 1999 ya zayyana nauyin da ke kan ɗan ƙasa: bin doka, biyan haraji, mutunta haƙƙin wasu, da amfanar da al'ummar da yake zaune a cikinta. Tarbiyyar gida ta riga ta shimfiɗa wannan da gaskiya, amana, kunya da haƙuri.

A fadamar Rima, aiki ne ke nuna halin mutum. Manomi ba ya cinye burtali, makiyayi ba ya sakin shanu cikin shinkafa. Wanda ya karɓi rancen noma ya biya domin na baya ya samu. Mai katin zaɓe ba ya sayar da ƙuri'arsa, kuma yana da ikon tambayar kansila inda kuɗin asibiti da makaranta suka shiga. Da irin waɗannan ayyuka ake gane wanda ya san gidan da ya fito kuma ya san haƙƙin ƙasarsa a kansa.