INSULIN DA TANTANIN ƘWAYAR HALITTA

Gabatarwa

Ciwon sukari ba baƙo ba ne a Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi, ko a Babban Asibitin Argungu. Sau da yawa akan ji ana cewa wane sukari ya yi masa yawa a jini, amma kaɗan ne suke tambayar abin da ya tsare sukarin a cikin jini har ya kasa isa inda ake bukatarsa. Manufar wannan lacca ita ce ta nuna cewa amsar tana wani wuri siriri wanda ido ba ya gani, watau tantanin maiƙo da ya lulluɓe kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam. A bakin wannan tantani ne insulin yake gudanar da aikinsa, a nan ne kuma aikin yake ɓaci.

Siffar Tantani

Duk wanda ya taɓa zuba man gyaɗa a cikin ruwa ya san ba su haɗuwa. Maiƙon tantani kuwa yana da hali biyu: kansa yana son ruwa, wutsiyoyinsa biyu suna gudun ruwa. Saboda haka sai ya jeru sahu biyu, kawuna suna fuskantar ruwan da ke ciki da wajen ƙwayar, wutsiyoyi suna ɓoye a tsakiya. Masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, su ne suka fara nuna wannan jeri a 1925, bayan sun auna maiƙon jajayen ƙwayoyin jini. Kaurin tantanin bai kai kashi 10 cikin miliyan na milimita ɗaya ba, amma duk da haka sukari, da yake mai narkewa ne a ruwa, ba ya iya ratsa shi da kansa.

A 1972 Singer da Nicolson na Amurka suka ƙara da cewa tantanin ba a sandare yake ba, kullum yana cikin motsi, kuma furotin iri-iri suna yawo a cikinsa. Wanda ya ga kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu zai fahimci wannan nan da nan. Masunta suna bisa gorunansu, rabin jiki a ruwa rabi a waje, kowa da homarsa, suna matsawa nan da can ba tare da sun nutse ba. Haka furotin suke a cikin maiƙon tantani. Waɗansunsu ƙofofi ne, waɗansu kuwa masu karɓar saƙo ne.

Aikin Insulin

Insulin ɗan ƙaramin furotin ne da ke fitowa daga wata tsoka mai laushi a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Banting da Best ne suka tace shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa wani yaro allurarsa a watan Janairu na 1922. A 1955 Frederick Sanger na Kambirij ya kammala bayanin ginuwarsa: amino asid 51 ne, a sarƙa biyu, ɗaya mai 21, ɗaya mai 30.

Idan mutum ya ci tuwon shinkafa, hanji yakan mayar da shi sukari, sukarin ya shiga jini, sai fankiriyas ya saki insulin. Insulin ba ya ɗaukar sukari a ka ya shiga da shi. Sallama kawai yake yi a bakin tantani, inda wani furotin mai karɓar saƙo yake tsaye, kansa a waje, ƙafarsa a ciki. Da sun haɗu sai siffar mai karɓar saƙon ta sauya, labari ya isa cikin ƙwayar. A can ciki akwai ƙofofin sukari a ajiye cikin 'yan jakunkuna na maiƙo. Sai jakunkunan su taso su manne da tantani, ƙofofi su buɗe, sukari ya shiga. A 1980 ne aka gano wannan tasowar ƙofofi. Haka abin yake a cikin tsoka da kitsen jiki.

Inda Aikin Yake Ɓaci

A ciwon sukari nau'i na ɗaya, jiki ya daina yin insulin, don haka babu mai sallama. A nau'i na biyu, wanda ya fi yawa ƙwarai, akwai insulin amma ba a amsa sallamarsa sosai. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne kitse da ya taru fiye da kima, musamman a ciki da hanta, domin waɗansu ɓurɓushinsa sukan taru a tantani su dushe saƙon. Abin lura a nan shi ne motsa tsoka yana tayar da ƙofofin sukari ko da insulin bai yi magana ba. Manomin da ya wuni a fadamar Rima yana samun wannan fa'ida a kyauta. Ma'aikacin da ya wuni a kujerar ofis kuwa sai ya neme ta da tafiyar ƙafa.

Insulin a Cikin Kwalba

Da yake insulin furotin ne, idan aka haɗiye shi ciki zai narkar da shi kamar yadda yake narkar da kifi. Shi ya sa ake yin allurarsa a kitsen ƙarƙashin fata, ana kuma sauya wurin allurar, don kada kitsen ya yi curi ya hana maganin shiga jini daidai.

Daɗin daɗawa, insulin yana da ɓangare mai gudun ruwa. Idan zafi ya yi yawa, ko aka girgiza kwalba da ƙarfi, sai ya warware a inda ruwan magani ya haɗu da iska, ya manne da 'yan'uwansa, su zama zare-zare marasa amfani. Ana ajiye kwalbar da ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 da 8, ba a kuma barin ta ta daskare. A Birnin Kebbi kuwa zafin bazara yakan wuce digiri 40, ga wutar lantarki ba tabbas. Sai dai akwai sauƙi. Wani bincike na Jami'ar Janiba da ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda aka buga a 2021, ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa mako huɗu a zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya. Tukunyar ƙasa a cikin jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa a shekarun 1990, tana rage zafi sosai a busasshiyar iska. Amma insulin mai garau da ya gurɓace, ko ya yi gudaji, ba a amfani da shi.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa lafiyar mai ciwon sukari ta dogara ga abu biyu: tantani mai amsa sallama, da insulin da bai lalace ba. Na farko yana bukatar rage ƙiba da motsa jiki, na biyu yana bukatar inuwa da sanyi, dukkansu kuma bisa shawarar likita. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, wanda kuwa ya riga ya kamu, sanin yadda maganinsa yake aiki zai taimake shi ya tsare shi.