Sojoji sun tashi, ƙasar da suka bari fa?

Tun da sojojin Amurka suka kwashe komatsansu daga sansanin jiragen sama na 201 da ke Agadez a watan Agustan 2024, hankali ya koma kan gine-gine da titin jirgin da suka bari. Da wuya ka ji mai tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. In ka tayar da zancen sai a ce maka ai Amurka ƙasa ce mai doka, ba ta barin dagwalo a bayanta. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Dokar gyara wuraren da guba ta ɓata dai tana nan, sunanta CERCLA, an kafa ta a 1980. Tsarinta yana da tsauri: a duba wurin, a haƙa rijiyoyin gwaji a auna ƙasa da ruwa, a fito da hanyoyin gyara, a bai wa jama'a aƙalla kwana 30 su tofa albarkacin bakinsu kafin a yanke hukunci a rubuce. In gubar ba ta fita duka ba, duk shekara 5 sai an sake dubawa.

To amma a dubi Camp Lejeune, sansanin sojan ruwa a jihar North Carolina. Daga 1953 zuwa 1987 sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwan da ya gurɓace da benzene da sinadaran wanke maiƙo irin su TCE, waɗanda ke haddasa ciwon daji. Sai 1989 aka sa wurin a jerin wuraren da suka fi bukatar gyara, sai 2022 aka yi dokar da ta ba waɗanda abin ya shafa damar kai ƙara.

Abin da ke ja wa aikin gyaran tsawo shi ne TCE ya fi ruwa nauyi. Idan ya zuba, ratsa ƙasa yake yi ya je ya kwanta can ƙasan ruwan da rijiyoyi ke ja, kamar yadda ƙullu ke kwantawa a gindin roba. Kana kwashe na sama, na ƙasa na narkewa a hankali yana sake ɓata shi. Ana iya shafe gomman shekaru ana zuƙo ruwa da famfo ana tacewa, ga kuma ruwan garau a ido.

Wannan a cikin gidansu ke nan. A waje kuwa, CERCLA ba ta tsallake iyaka. Amurka ta bar sansanonin Clark da Subic a Filifin a 1991 da 1992. Mazauna yankin sun je kotu suna neman a binciki gubar da aka bari, a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce CERCLA ba ta aiki a ƙasar waje.

Saboda haka hukumomin Nijar kada su jira kowa. A ɗebi ƙasa daga wuraren ajiyar mai da garejin jirage a Agadez, a auna ruwan rijiyoyin da ke kewaye, a kuma faɗa wa mutanen gari sakamakon da harshen da suke ji.