Haƙar Bayanai: Daga Littafin Bashin Ɗan Kasuwar Limanti Zuwa Ajin Jami'a

Maiduguri: A unguwar Limanti da ke tsakiyar tsohon garin Yerwa, ba nisa da fadar Mai Martaba Shehun Borno, da wuya a sami kantin da ba shi da littafi a ƙarƙashin tebur. A cikinsa ne mai kanti kan rubuta sunan wanda ya karɓi kaya bashi, da ranar da ya karɓa, da abin da ya biya, da abin da ya saura. Yawancin 'yan kasuwa ba su ɗauki wannan littafi a bakin komai ba, in ban da tunatarwa ranar karɓar kuɗi. Amma a wajen ɗalibin da ke nazarin kasuwanci a jami'a, shi ne ɗanyen kayan wani fannin ilmi da ake kira haƙar bayanai.

Abin da ake nufi da haƙar bayanai shi ne yin amfani da na'ura mai ƙwaƙwalwa da dabarun lissafi domin tace tarin bayanan ciniki, a fito da abin da ke maimaita kansa wanda ido ba ya iya gani, kamar yadda masu haƙar zinari kan wanke tulin ƙasa domin samun 'yar ƙwaya guda. Fannin ya fara tsayawa da ƙafarsa ne bayan wani taron masana da aka yi a birnin Detroit na Amurka a 1989, sannan aka yi babban taronsa na duniya na farko a birnin Montreal na Kanada a 1995. A wannan shekara ce kuma kamfanin kantunan Tesco na Ingila ya fito da katin abokan ciniki mai suna Clubcard, wanda ya ba shi damar sanin abin da kowane mai riƙe da katin ke saye.

Daga nan fannin ya shiga manhajar makarantun kasuwanci a ƙasashe da dama. A Nijeriya, sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussa, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan ƙofa ce ga irin Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, kuma take da tsangayar da ake koyar da harkokin kasuwanci da aikin akanta da na banki.

Dabara ta farko da ɗalibi kan ci karo da ita ita ce ta binciken kwandon saye, wato gano kayan da aka saba saye tare. Rakesh Agrawal da abokan aikinsa na kamfanin IBM ne suka shimfiɗa ta a 1993, sannan a 1994 shi da Ramakrishnan Srikant suka fito da hanyar lissafi mai suna Apriori wadda ta sauƙaƙa aikin.

A ɗauka, alal misali, wani mai sayar da kayan masarufi ya tara rasit 1,000. An sami ganyen shayi a cikin 250, kuma 200 daga cikinsu suna ɗauke da sukari. Ke nan kashi 80 cikin ɗari na masu sayen shayi sun haɗa da sukari. Mai gaggawa sai ya ce ya gano wani sirri. To amma idan sukari yana cikin rasit 780 daga cikin 1,000, ai kashi 78 cikin ɗari na dukkan masu saye suna ɗaukarsa, da shayi ko babu shayi, don haka ba a gano komai ba. Idan kuwa aka ga tsamiya a rasit 100, kuma 70 daga ciki suna da gero, alhali gero bai wuce rasit 150 ba gaba ɗaya, wannan ita ce alaƙa ta gaskiya: mai sayen tsamiya ya ninka sauran jama'a fiye da sau huɗu wajen sayen gero. A nan ne ilmin aji ya sha bamban da kirdado.

Dabara ta biyu ita ce ta rarraba abokan ciniki rukuni rukuni, bisa tambayoyi uku: yaushe rabon mutum da zuwa, sau nawa yake zuwa, kuma nawa yake kashewa. Da wannan ne dillali zai bambance mai sari da ke zuwa daga Gamboru Ngala sau ɗaya a wata da kuɗi masu kauri, da maƙwabcin da ke zuwa kullum da 'yan canji, ya kuma lura da wanda ƙafarsa ta fara ɗaukewa tun kafin ya koma wata rumfa.

Ta uku kuwa ita ce ta tantance bashi. Na'ura kan duba tarihin waɗanda suka biya da waɗanda suka gaza, ta tsara jerin tambayoyi masu rassa kamar bishiya, wanda zai taimaka wajen sanin wa za a ba kaya, kuma har na nawa. Bankuna sun daɗe suna amfani da irin wannan wajen ba da rance.

Ta huɗu ita ce hasashen ciniki, kuma a nan ne ɗalibin da ya san gida ya fi littafin da aka rubuta a ƙetare. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A Nijeriya an ɗauki azumi ranar 23 ga Maris a 2023, da 11 ga Maris a 2024, da 1 ga Maris a 2025. Duk lissafin da ya dogara ga watannin Miladiyya kaɗai zai ɗora hauhawar cinikin sukari da dabino da gero a kan watan Maris, alhali na Ramadan ne, kuma bayan 'yan shekaru zai sa ɗan kasuwa ya cika sito da kaya a lokacin da babu mai nema.

Sai dai kuma duk waɗannan dabaru ba sa aiki sai da rubutu mai tsabta, kuma nan ne gizo ke saƙar. Littafin ɗan kasuwa yakan haɗa Hausa da Barbarci da Larabci, wani shafi da boko wani da ajami. Kaya ɗaya yakan fito da sunaye uku, awo kuma yau mudu ne, gobe kwano, jibi buhu, ga shi kuma mudun wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba. Cinikin hannu da hannu kuwa galibi ba ya shiga littafi sam. Shi ya sa tsarin aiki mai matakai shida da ake kira CRISP-DM, wanda aka tsara a ƙarshen shekarun 1990, ya sa fahimtar sana'ar da gyaran bayanai a gaba da duk wani lissafi. In tushe ya karkace, gini ba ya miƙewa.

Har ila yau, akwai matsalar adanawa, wadda 'yan kasuwar Maiduguri suka ɗanɗana kuɗarta sau biyu a cikin shekara biyu. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye Kasuwar Monday. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye sassa da dama na birnin, har da kasuwar da fadar Shehu, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Kayan da suka salwanta ana iya sake saro su in jari ya samu, amma littafin bashin da wuta ta ci ko ruwa ya jiƙa ba shi da madadi. Wanda ya rasa shi ya dogara ne ga amanar masu bashi kawai, kuma ba shi da shaidar yawan cinikinsa da zai nuna wa banki ko kwamitin tallafi.

Bugu da ƙari, na'ura ba ta san dalilin abin da ta ƙirga ba. Rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na wannan shekara, duk sun jirkita farashi da yanayin saye. Ɗalibin da ya zuba alkaluman waɗannan watanni cikin na'ura ba tare da ya ware su ba, zai ɗauki annoba a matsayin al'ada. Tsohon ɗan kasuwa ne zai iya gaya masa abin da ya faru a kowane wata. Don haka kowannensu yana buƙatar ɗan uwansa: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya zo da sauƙi shi ne, ƙarancin kuɗin na 2023 ya tura jama'a da yawa ga biya ta waya da na'urar POS, kuma kowane ciniki ta wannan hanya yana barin sawu: rana, da lokaci, da adadin kuɗi. Abin da ba ya nunawa shi ne irin kayan da aka saya, wanda har yanzu sai mai kanti ya rubuta da hannunsa.

Akwai kuma batun amana. Littafin bashi yana ɗauke da sirrin maƙwabta, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa masu tattara bayanan mutane nauyin kiyaye su. Ɗan kasuwar da zai ba ɗalibi littafinsa don bincike ya kamata ya tabbatar an cire sunaye da lambobin waya, an musanya su da lambobin tsari.

Saboda haka, ɗan kasuwar Limanti ba ya buƙatar sayen na'ura mai tsada kafin ya ci gajiyar wannan ilmi. Abin da ke gabansa shi ne ya rubuta kowane ciniki da ranarsa ta Miladiyya da ta Hijira, ya tsaya a kan suna ɗaya da awo ɗaya ga kowane kaya, ya kuma ɗauki hoton shafukan littafinsa da waya a ƙarshen kowane mako, ya aje kwafi a wani wuri dabam da shagon. In ya yi haka na shekara biyu, ɗansa ko ƙaninsa da ke jami'a zai sami abin haƙa, shi kuma zai sami hujjar da wuta ko ruwa ba za su raba shi da ita ba.