Sawakin da Ruwan Hunturu

Da zarar watan Disamba ya kama, sai hotunan tsofaffin garuruwan gaɓar teku na Turai da dusar ƙanƙara ta lulluɓe su cika wayoyin jama'a, har matashin da ke zaune a Ƙala'at an-Nahal ta ƙasar Gadarif a Sudan ya ɗauka daɗin lokacin sanyi rabon mutanen waje ne. Gaskiya ne dusar ƙanƙara ba ta sauka a gaɓar Sudan. Sai iska ta yi sanyin da zai daskarar da ruwa tun daga gajimare har kusa da ƙasa take zuba, alhali Bahar Maliya na cikin tekuna mafiya ɗumi a duniya. A wannan yanki sai a kan manyan duwatsu, irin Jabal al-Lauz na Tabuk ko tsaunukan Sina'i, ake ganin ta. Amma Sudan na da nata abin mamakin na hunturu, yana kuwa Sawakin, garin da Hausawa mahajjata suka daɗe suna jiran jirgin Jidda.

Abin mamakin shi ne a can lokutan shekara a juye suke. A ƙasar Gadarif damina daga Yuni ne zuwa Oktoba, kafin Nuwamba sama ta washe, an yanke riɗi, an fuskanci girbin dawa. Daidai lokacin ne gaɓar teku ke samun ɗan ruwanta, galibi tsakanin Nuwamba da Janairu. Dalili kuwa shi ne iskar arewa da ke gangarowa bisa teku tana haɗuwa da wadda ke tasowa daga mashigin Adan, dukkansu ɗauke da danshi, idan suka ci karo da tsaunukan bayan gaɓa sai su tashi sama su yi hadari. Ruwan ba shi da yawa, na shekara guda bai kai abin da Gadarif ke samu a watan Agusta kaɗai ba, amma ya isa ya karya zafin da kan haura digiri 40 a watannin Yuli da Agusta. A Arkawit, da ke saman tsaunukan a tsayin sama da mita 1,000, hazo kan sauka ya rufe itatuwa, Turawan mulkin mallaka ma sun mai da wurin mashaƙatarsu.

A irin wannan yanayi ne kawai mutum zai iya yawo a tsibirin Sawakin da ƙafa, ya duba abin da ya rage. Da dutsen murjani da aka ciro daga teku aka gina gidajensa, masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohuwar Jidda. Ibn Battuta ya biyo ta nan a ƙarni na 14, Daular Usmaniyya ta karɓe shi a ƙarni na 16, Usman Digna, kwamandan Mahadin Sudan, ya yi masa ƙawanya a shekarun 1880, ƙofar da Bature Kitchener ya gina a lokacin na nan tsaye. Ga Bahaushe kuwa akwai ƙarin dalili. Bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'a da dama suka yiwo gabas, wasu suka zauna a Mai Wurno, wasu suka yi ta ƙwadago a gonakin Gadarif suna tara guzuri, kuma mafi yawan waɗanda suka kai ga Makka ta Sawakin suka ƙetare.

Wani zai ce ai kufai ne, me za a gani? Akwai gaskiya a ciki. Tun da aka buɗe tashar Fot Sudan a 1909, mai nisan kusan kilomita 60 a arewa, saboda manyan jiragen ruwa ba sa iya shiga ƙuntatacciyar mashigar Sawakin, 'yan kasuwa suka kwashe, aka bar gidaje ba mai yaɓe. Dutsen murjani kuwa yana shan ruwa, idan babu farar ƙasa a jikinsa sai danshi da gishiri su cinye shi. Wato ruwan da ke sanyaya garin shi ne ke rusa shi. A ganina wannan hujja ce ta gaggauta zuwa. Gyaran da Turkiyya ta yi wa masallatan Hanafi da Shafi'i, da alƙawarin gyaran tsibirin da aka yi lokacin ziyarar shugabanta Erdogan a Disambar 2017, sun tsirar da gine-gine kaɗan ne, sauran kowace damina raguwa suke.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na hali da lokaci. Tafiyar daga Gadarif ta haura kilomita 700, ta Kasala da Hayya da Sinkat, ga yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya cika gabashin ƙasar da 'yan gudun hijira, ga shi kuma hunturu lokacin kaka ne. Ba mai hankalin da zai ce manomi ya bar dawarsa a gona. Sai dai mutanen yankin Gadarif ba su daina bin wannan hanya ba: masu Umra suna hawa jirgi a tashar Usman Digna, fataken tumaki ma nan suke kai dabbobin da za a ƙetarar Saudiyya. Mai jiran jirgi kwana biyu a watan Janairu, tsakaninsa da tsibirin ɗan taƙi ne, kuma yamma ɗaya ta ishe shi ya zaga masallatan biyu, ya sha gahawar jabana ta ƙabilar Hadandawa a bakin ruwa.