BABI NA UKU: SAƁAWAR AGOGON KWAMFUTA DA HANYOYIN DAIDAITA SHI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan dalilan da ke sa agogon kwamfutar tebur ya saɓa wa lokaci na gaskiya, da yadda ake daidaita shi ta hanyar intanet. An karkata bayanin ne ga yanayin garin Paki da ke Ƙaramar Hukumar Ikara, da maƙwabtansa na Makarfi da Kudan, inda zafi da ɗaukewar wutar lantarki da rashin ƙarfin sadarwa suke da tasiri a kan na'urori. Al'amarin ya wuce sanin ƙarfe nawa. Kwamfutar da kwanan watanta ya karkace takan ƙi buɗe shafukan banki da na rajistar jarrabawa, domin kowace takardar shaidar tsaro ta shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma da agogonta ne kwamfuta take auna su.

3.1 Agogo Biyu a Cikin Na'ura Ɗaya

Kwamfutar tebur tana da agogo iri biyu. Na farko yana kan babban allon da ke cikinta, yana kuma aiki da ɗan ƙaramin dutse mai suna kwaz, wanda yake kaɗawa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya. Wani ƙaramin batir mai kama da kwabo, wato CR2032 mai ƙarfin bolt 3, shi ne yake riƙe da shi ko da an kashe na'urar. Na biyu kuwa agogon manhaja ne, wanda yake karɓar lokaci daga na farko a yayin da aka kunna kwamfuta, sannan ya ci gaba da ƙirga nasa.

Babu dutsen da yake kaɗawa daidai cif. Idan kuskurensa kashi 20 ne cikin miliyan, to a yini guda mai sakan 86,400 zai yi gaba ko baya da kimanin sakan 1.7, wato fiye da minti 10 ke nan a shekara. Haka kuma an ƙera irin wannan dutse ne domin ya fi daidaituwa a zafin digiri 25. Duk lokacin da aka kauce wa wannan ma'auni, sama ko ƙasa, sai ya rage gudu. A ɗakin kwano da zafinsa ya kai digiri 40 a watan Afrilu, jinkirin da ake ƙarawa yakan kai kusan kashi biyu bisa uku na sakan a kullum. A sanyin hunturu ma, idan ɗaki ya sauko zuwa digiri 12, jinkirin yakan kai rabin sakan. Wannan ya nuna bazara da hunturu duka baya suke jan agogon, ba wai ɗaya yana gyara ɓarnar ɗaya ba.

3.2 Tsarin NTP

David L. Mills na Jami'ar Delaware a Amurka shi ne ya ƙirƙiro tsarin NTP. An fara wallafa ƙa'idojinsa a 1985, nau'i na uku ya fito a 1992, na huɗu kuma a 2010. Tsarin yana da matakai. A can sama akwai agogon atom da na'urorin GPS. Kwamfutocin da ke haɗe da su kai tsaye su ne mataki na 1, waɗanda suke karɓa daga gare su mataki na 2, har zuwa ƙasa. A wannan nazari za a riƙa kiran kwamfutar da ke ba da lokaci da sunan uwar agogo.

Wahalar da ke ciki ita ce, kafin amsar uwar agogo ta iso, lokacin da ke cikinta ya riga ya wuce. Saboda haka ake amfani da lokuta huɗu. Alal misali, a ɗauka wata kwamfuta a Paki ta aika tambaya da ƙarfe 10:00:00.000 a agogonta. Uwar agogo ta karɓa da 10:00:05.100 a nata, ta mayar da amsa da 10:00:05.102, amsar kuma ta iso da 10:00:00.202 a agogon mai tambaya. Tafiya da dawowa sun ci sakan 0.202, idan aka debe 0.002 da uwar agogo ta riƙe saƙon, saura 0.200. Bambancin zuwa 5.100 ne, na dawowa kuma 4.900, tsaka-tsakinsu sakan 5 daidai. Da sakan 5 ke nan kwamfutar take baya.

Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne. A kan intanet na wayar salula, wanda ƙananan shaguna suka fi dogara da shi, ba kullum haka yake ba. Da zuwan ya ci 0.150, dawowa 0.050, to da an sami kuskuren sakan 0.050, wato rabin bambancin da ke tsakaninsu. Ga mai buga takardu da rajistar ɗalibai, wannan bai kai abin damuwa ba.

3.3 Gano Matsala

Girman kuskuren shi ne yake fara nuna inda matsalar take, don haka ya kamata a auna shi kafin a taɓa komai.

Idan kwanan wata yana komawa shekaru baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, to batir ne ya mutu. Muddin kwamfuta tana jone da wuta ba ta cin batirin, amma inda take shafe sa'o'i babu wuta, ko ake zare ta kafin a tayar da janareta, nauyin yakan koma kansa. Ga shi kuma yawancin na'urorin na hannu ne, sun riga sun yi shekaru kafin su iso kasuwannin Kano da Zariya. Sauya batir ne kaɗai magani.

Idan mintuna daidai suke amma awa ta bambanta, to zaɓin yankin lokaci ne. Nijeriya tana gaba da lokacin duniya da awa 1 a duk shekara, ba ta kuma sauya agogo da rani ko damina. Mai shago da ya tarar da na'urarsa a kan yankin yammacin Amurka yakan gyara awa da hannu ya bar yankin yadda yake. A fuska lokaci ya yi daidai, a ciki kuwa ya kauce da awa 8 ko 9, kuma da zarar an daidaita ta intanet sai agogon ya sake tsallakewa. Haka nan kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux tare takan saɓa da awa 1 cif, domin Linux yakan ajiye lokacin duniya a agogon allo, Windows kuwa lokacin gida yake zaton samu a wurin. Yana da kyau a lura cewa lokacin Nijeriya an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, alhali Paki tana wajen digiri 8, shi ya sa rana take tsayawa tsaka kusan rabin awa bayan ƙarfe 12. Wannan ba laifin agogo ba ne.

Idan kuwa kuskuren yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, to daidaitawar ce ba ta gudana. A Windows ana duba wannan da umarnin w32tm /query /status, a Linux kuma da timedatectl ko chronyc tracking. Saƙon NTP yana bi ta ƙofa mai lamba 123, kuma katangar tsaro tana iya toshe ta alhali sauran shafuka suna buɗewa. Windows 7 sau ɗaya a mako yake neman daidaito, saboda haka idan ranar ta zo babu data, agogon yakan ci gaba da karkata. Bugu da ƙari, manhajojin suna da iyaka. Manhajar ntpd takan tsaya idan kuskure ya wuce sakan 1,000, Windows da ba ya ƙarƙashin wata cibiya kuma ba ya gyara abin da ya haura awa 15. A irin wannan hali sai an kusanto da agogon da hannu tukuna, sannan a ba da umarnin w32tm /resync.

A ɗakin da ke da kwamfutoci da yawa, kamar na makaranta, ya fi dacewa a zaɓi guda ɗaya ta riƙa karɓar lokaci daga adireshi uku ko huɗu na africa.pool.ntp.org, sauran kuma su karɓa daga gare ta. Da adireshi biyu kawai ba za a san mai gaskiya ba idan suka saɓa. Ko intanet ya yanke, na'urorin za su kasance bai ɗaya a tsakaninsu, wanda shi ne abin da tsarin shiga na Kerberos yake bukata, tunda ba ya karɓar bambancin da ya wuce minti 5.