Ko Kun Sani?

Shimfiɗar ferobiskait da ke zuƙar hasken rana a sabon samfurin faifan sola ta fi silin gashi siranta sau ɗari. A 2009, da mai bincike Tsutomu Miyasaka ya fara gwada sinadarin a Japan, kashi 3.8 cikin ɗari kacal na hasken yake mayarwa lantarki. Yau ya haura kashi 25.

Gwanintar tana wajen shafi. Ruwa-ruwa ake zuba shi kan gilashi mai juyawa, in ya bushe da 'yan ƙofofi, lantarki sai ya zurare. A 2014 masu bincike a Koriya ta Kudu suka ɗiga masa sinadarin toluwin ana tsaka da juyin, shimfiɗar ta kama sumul. Laima dai har gobe tana lalata ta.